Ɗigon Sandal a Goshin Kawu

Shantipur,
ana gab da bikin fitilu.

Zuwa ga ƙanena Prabir,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Kaberi, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mitali da yara. Ubangiji ya tsare ku a Surat, ya raba ka da tarin nan da ƙurar injin saƙa take sa ka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta wuce ba ta yi mana ɓarna ba, in ban da bangon ɗakin girki da ya sha ruwa ya tsage. Ashim ya yi alkawarin gyara shi, irin alkawarin da ka san mijina da shi. Gwiwarsa ta yi sauƙi, bakinsa kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Kawu Haradhan yana cin abinci sosai in akwai kifi, in babu ya ture kwanon ya ce an mayar da shi akuya. Har yanzu kullum da hantsi yana kan masaƙarsa, kuma tun rasuwar matarsa ni nake tsallaka lungu in kai masa abinci.

Na san za ka ce me ya kai Yaya ga rubuta takarda alhali ga waya a hannu. Dalilin shi ne a waya ba ka barin mutum ya dire maganarsa. Tun kana ƙarami haka kake, sai ka cafke zance daga bakin mutum ka ƙarasa masa yadda kake so. Takarda ba ta jin katsalandan. Ka samu wuri ka zauna, ka sa Mitali ta haɗa maka shayi, ka karanta ta har ƙarshe.

Ka san na koma karatu. Kowace Lahadi nakan hau jirgin ƙasa na safe zuwa Krishnanagar, in zauna a aji ɗaya da yaran da wasunsu ni na koya musu riƙe alli a firamare. Goggo suke ce mini. Wata mai bakin tsiya a cikinsu ta tambaye ni wai digirin nan da nake nema da furfura, tare da gawata za a ƙona shi a bakin kogi? Na ce mata ƙwarai kuwa, kuma ita zan sa ta ɗauko itacen. Tun daga ranar take ajiye mini wuri a bencin gaba. A wannan zangon wani tsohon wasan kwaikwayo na Turawa muke karantawa, irin mai ƙarewa da baƙin ciki. Labarin wani jarumin yaƙi ne da tsohon sarki ya jawo a jiki ya ɗaukaka, aka yi ta hura masa kunne cewa kujerar da shi ta fi dacewa, har ya kashe tsohon ya hau. Turancin ya tsufa, layi ɗaya sai na buɗe ƙamus ya fi a ƙirga. Yaran ba su wahalar da kansu. Akwai ɗan littafin amsoshi da ake sayarwa a bakin tasha, shi suke haddacewa, kuma abin da ya ce ke nan daga bango zuwa bango: buri ne ya halaka jarumin. Na saya na duba, na ga ban yarda ba, na sa shi a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa.

Da yake Ashim barci yake yi da zarar na buɗe littafi, Kawu na mayar ɗalibina. Da la'asar nakan zauna kusa da masaƙa ina naɗa masa zare, ina ba shi labarin da harshenmu. Mai sauraro ne mai wahalar sha'ani. Ya ce wannan wace irin ƙasa ce da ba wanda ke zuwa aiki, kowa sai tsayuwa yana surutu shi kaɗai kamar mai zazzaɓi. Ya tambaye ni rigunan sarautar nan duka wa ya saƙa su, kuma me ya sa ba a ambaci sunansa ba. Ranar da muka kai wurin kisan, ya tsayar da ƙoshiya ya yi tsaki, ya ce ɗan banza, wanda ya ci a kwanonka. Amma kashegari ina zama sai ya ce, to Kabi, yaya tsohon sarkin nan, yana nan lafiya? Sai da na sake kashe masa shi. Bayan kwana biyu ya sake tambaya, na sake kashewa. Na kashe sarkin nan har hannuna ya gaji. Rannan dai na kasa, na ce masa yana nan lafiya lau, Kawu. Ya ce madalla, ya ci gaba da saƙarsa. Na yi dariya a gabansa, da na koma gida na yi kuka.

Ka ga ban ɓoye maka komai game da halin da yake ciki ba. Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro.

Dulal mai sayar da zare ya zo gidana makon jiya da tukunyar alawar madara a hannu. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gidana ba, ya zauna yana ta Yaya Malama, Yaya Malama, har da tambayar lafiyar gwiwar Ashim. Sai da ya gama zagaye-zagayensa ya ce taron shekara na ƙungiyar masaƙa ya faɗo da yammacin ranar ɗigon 'yan'uwa, ranar da mace take ɗiga wa ɗan'uwanta niƙaƙƙen icen sandal mai ƙamshi a goshi, kuma kana tafe. Ya ce matasa sun gaji, kai suke so a kujerar shugaba da Kawu yake kai, amma tsofaffi ba za su ɗaga hannu a kan Kawu ba sai sun ji daga bakin na gida cewa kansa ya fara kwancewa. Ya ce wai ba ƙarya ake so in yi ba, Yaya, abin da idonki ya gani kawai, abin nan na tabarma na bara, ki faɗa a taƙaice ki zauna, shi ke nan an huta. Ya faɗi haka yana murmushi, yana tura mini tukunyar. Na ce masa ya ɗauki alawarsa, sukari ya hana ni. Ya ce ai bai san ina da sukari ba. Na ce yau ya kama ni.

Bayan fitarsa na daɗe a tsaye a tsakar gida. Abin tabarma mutum biyu ne suka gan shi, ni da Kawu. Mutum ɗaya na gaya wa, a waya, ina kuka, kuma kai ne. Ko Ashim bai sani ba. Da na kira ka da yamma ba ka musa ba. Ka ce in daina ɗaukar abu da zafi, ka ce don amfanin kowa ne, ka ce in har ba zan yi maka wannan ɗan abu ba, to kada in wahalar da kaina wajen niƙa sandal bana, daga tasha zauren taro za ka wuce. Sannan ka ce ana kiranka, ka kashe waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, Prabir, kuma har yanzu bai gama hucewa ba.

Ina ganin ka ji labarin nan da rabin kunne ne a wancan karon, ƙarar injuna na damunka, don haka zan sake ba ka shi. Tun da ka tafi Surat ban taɓa fasa ranar ɗigo ba. Nakan tashi da azumi, in niƙa sandal a kan dutsen Inna, in kunna fitila, in zuba ƙwayar shinkafa da ɗanyar ciyawa a faranti, in shimfiɗa 'yar tabarmar da Inna ta yi wa ado da hannunta. A gidan Kawu nake yi, inda muka tashi. Da yake ba ka nan, sai in juya ga bango kusa da ƙofa in ɗiga maka a can, in yi maka addu'ar tsawon rai, in yi guɗata ni kaɗai. Ɗigogin shekarun baya suna nan a jere, na hana a shafe su da farar ƙasa. Bara na gama shiri, na tsoma ɗan yatsana a sandal, sai na ji motsi a bayana. Kawu ne, ya yi wanka, ya ɗaura sabon farin zanensa, ya taje gashi. Ya zo ya naɗe ƙafa a kan tabarmarka, ya cire tabarau, ya ɗago goshi ya ce, Bela, yi sauri mana, yunwa nake ji. Sunan Inna ya kira ni da shi. Ƙanwarsa yake gani, wadda ta yi masa ɗigo kowace shekara har ta bar duniya, kuma tun daga lokacin ba wanda ya taɓa goshinsa.

Me kake so in yi? Na ɗiga masa. Na yi masa addu'ar. Ya ɗebi shinkafa da ciyawa ya sa mini a ka kamar yadda wa yake yi wa ƙanwa, sannan ya hau laluben ƙugunsa, kunya ta kama shi, ya ce ya manta da tsarabata, gobe zai kawo. Naka ɗigon da ragowar sandal ɗin na yi shi a bango. Da rana, yana cin shinkafa, na ga ya kai hannu goshi ya shafa, ya dubi yatsansa, ya dube ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abinci. Har yau ba mu tayar da maganar ba. Ya sani, Prabir. Ya san abin da ya faru da shi, kuma ya san na rufa masa asiri. Wannan ne abin da kake so in miƙe in faɗa a gaban masaƙan unguwa, yana zaune a kujerar gaba, Dulal na gefe yana gyaɗa kai.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan zuwan Dulal na tafi aji kaina a cunkushe. Malam Sanyal, wani siririn dattijo da ba ya rabuwa da lema ko ba hadari, ya tambaye mu abin da ya halaka jarumin. Aji duka ya amsa baki ɗaya kamar 'yan firamarena, buri. Na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. Na ce ni ma buri ne yake tashe ni da asuba in bi jirgi da wannan shekarun nawa, kuma ban kashe kowa ba tukuna, in ban da sarkin da nake kashe wa kawuna. Yara suka kwashe da dariya, wani ya ce Goggo za ta jawo mana faɗuwa. Malam bai yi dariya ba. Ya ce kowa ya buɗe littafinsa ya sa yatsa a shafin da aka yi kisan, ya ɗaga sama. Muka ɗaga. Ya ce mu dubi kaurin abin da ke gaban yatsa da na bayansa. Kisan ashe da wuri yake zuwa. Mafi yawan littafin zaman da mutumin ya yi ne bayan ya samu abin da yake so, yana kan kujera, ba ya yarda da kowa, abinci ba ya masa daɗi, waɗanda suka zuga shi su ne ya fi tsoro. Malam ya ce marubucin bai damu da yadda ake hawa ba kamar yadda ya damu da yadda ake kwana a can. Sannan ya ba mu aikin gida: a cikin mutanen da ke kewaye da jarumin, wa ya isa ya hana, kuma bai hana ba?

A jirgi ina dawowa na yi ta juya tambayar. Na lura mutumin bai iya aikata abin shi kaɗai ba. Sai da ya samu na cikin gida, wanda tsohon ya yarda da shi, wanda ya san lokacin da ba shi da ƙarfi. Mai tallan gyaɗa na ta ihu a kaina, ni kuwa sai na gane wurin da kuka ajiye mini a naku shirin. Kada ka ce Yaya ta haukace da karatu tana kiranka mai kisa. Ban kira ka ba. Ba wanda zai zubar da jini a zauren ƙungiya, Kawu zai koma gida da ƙafarsa. Amma na san shi, kai ma ka san shi. Mutumin da ba ya fita lungu sai ya gyara ɗaurin zanensa, in aka yi masa dariya a kan sunan ƙanwarsa, ba zai sake ɗaga ido ya dubi kowa a Shantipur ba. Shi ne fa ya ɗora ka a bencin masaƙa ƙafarka ba ta kai mataki ba, ya ɗaura maka guntayen katako a tafin ƙafa don ka kai. Da Baba ya rasu, bai bar mu mun kwana ko sau ɗaya a gidan wani ba.

Yanzu ka ji inda na ba ka gaskiya, don kada ka ce son kai nake yi. Ƙungiya tana bukatar sabon hannu. Sari, zanen matan da ake saƙawa, ya taru a ɗakin ajiya ba mai saye. Kawu ya yi odar rini iri ɗaya sau biyu, wani launin kuma ya manta da shi gaba ɗaya. Samari suna ajiye ƙoshiya suna tafiya gini a Kerala. Kai ka ga kasuwa, ka san masu saye a manyan birane, ka san abin da matan yanzu suke so a bakin sari. In aka tambaye ni wa ya fi cancanta, sunanka zan kira ba tare da na yi tunani ba. Ban ga laifin burinka ba, kuma ba zan rubuta a jarrabawa cewa buri laifi ne ba, ko da hakan zai ci mini maki. Hanyar da Dulal ya zaɓar maka ce ba zan taka ba. Ka kuma tambayi kanka me ya sa mai sayar da zare yake ɗokin ganin shugaban da shi ya ɗora. Wanda ya ɗauki sirrin gidanku ya kai kasuwa yau, gobe yana riƙe da naka.

Ga abin da na yanke, kuma ka san in na kafe ko Inna ba ta iya tanƙwara ni. Ba zan faɗi labarin tabarma a taro ba. In kana son kujerar, ka sauka daga jirgi ka zo gida tukuna. Ka taɓa ƙafar Kawu, ka zauna, ka gaya masa da bakinka cewa kana so ya huta ka karɓa. Ba na yi maka alkawarin zai yarda. Mai yiwuwa ya zage ka, ya kira ka ɗan inji, ya ce kai da ba ka iya ƙulla zaren da ya tsinke ba. Ka haɗiye. Ni na riga na fara lallaɓa shi a hankali, wani lokaci yana saurara, wani lokaci ya ce in tafi in karanta sarakunana. In ya ƙi, ka tsaya zaɓe a fili, ka yi maganar kasuwa da rini da samarin da ke guduwa. Ni da kaina zan bi gida-gida in nema maka hannu, kuma zan gaya wa Kawu ina yi. Zai yi fushi da mu duka biyu, amma fushi ne da mutum yake yi kansa a ɗage.

In kuwa kuka ce ko da ni ko ba ni sai an faɗa, kai ko Dulal wani ya miƙe ya ba da labarin, to ka sani ina zauren. Ba zan ƙaryata ba, ban iya ba. Zan miƙe in ce gaskiya ne, Kawu ya zauna a tabarmar, ya kira ni da sunan mahaifiyata. Sannan in ƙara da cewa ya zauna ne don ya tarar da ita babu kowa a kai, shekara da shekaru. Ba na son in faɗi wannan a gaban mutane. Kada ka sa ni.

Ka gaishe mini da Mitali, ka ce mata yajin mangwaron da ta aiko ya ƙare, Ashim ne ya cinye rabi a ɓoye. Ka shafa mini kan Riju da Tuli, ka ce wa Tuli ta riƙa yi wa wanta ɗigo tun yanzu, kada ta bari ya saba da rashinsa. Ashim yana gaishe ka, ya ce in ka zo ka taya shi duba bangon nan, wato ka gyara shi yana ba da umarni. Kawu ma yana gaisuwa. Jiya ya tambaye ni ko bana za ka zo, na ce ina sa rai. Ya ce a nemi babban kifi, yaron nan ya rame a hoto. Jarrabawata tana biye da bikin, ka sa ni a addu'a, don amsar kaina zan rubuta.

Ka ce kada in wahalar da kaina wajen niƙa sandal. Zan niƙa, kuma na mutum biyu. Na sayi tabarma ta biyu, don bana ba zan jira Kawu ya ɓata hanya kafin ya samu ɗigo ba, ni zan kira shi da sunansa ya zauna. Taka tana gefen tasa. Ba zan sa komai a bakina ba sai na ji jirgin safe ya wuce, na ba ka lokacin da ɗan sahu zai kawo ka daga tasha. In ka shigo, goshinka zan taɓa. In ka wuce zauren taro, zan juya ga bango in ɗiga maka kamar kullum, don ba zan janye addu'ata daga kanka ba ko me ka yi. Sai dai ka tuna addu'ar da nake yi maka ta tsawon rai ce. Ina roƙon ka daɗe a duniya, Prabir, ka tsufa har ka fi Kawu. Duk abin da ka yi a yammacin ranar, da shi za ka yi wannan daɗewar.

Taka har kullum,
Yayarka,
Kaberi Basak.